Rabin Maganar Baffa Ilu

Awa uku na yi a tsaye a filin jirgin Faris, jakata a tsakanin ƙafafuna, kafin na yarda cewa babu mai zuwa ɗaukata. Na kira lambar Farfesa Rene har na gaji. Daga ƙarshe wata mata ta ɗauka, ta ce Farfesa yana ɗakin ɗaukar shiri, ba a damunsa, in shiga jirgin ƙasa in nemi adireshin da za ta turo mini. Ta kashe wayar tun ban rufe baki ba. Wannan fa shi ne mutumin da ya yi wata biyu a gidana a Daura, wanda na bar wa ɗakina na koma zaure, wanda matata Balaraba ta riƙa yi wa miya daban ba yaji saboda cikinsa.

Sunana Isuhu. Faransanci nake koyarwa a wata sakandare a Daura. Tun ina yaro na iya shi, don dangin mahaifiyata mutanen Magarya ne a Nijar, a can na yi firamare. Shi ya sa da Farfesa Rene ya zo neman tafinta, kowa ya nuno masa ni. Masanin tarihi ne, amma ya daɗe da barin aji ya koma talabijin. Ya ce yana shirya fim ne a kan iyakar da Turawa suka ja tsakanin ƙasar Daura da Damagaram, da mutanen da iyakar ta raba. Na kai shi Baure, na kai shi Kwangwalam, na kai shi wurin tsofaffin 'yan tireda da dillalan shanu. A ƙarshe na kai shi inda na fi yin da-na-sani: wani ƙauye a bayan Mai'aduwa, wurin yayan mahaifina, Baffa Ilu.

Baffa ya haura tamanin, tsohon mai fataucin shanu ne, ba kuma mai yawan magana ba. Ni na roƙe shi. Na ce, "Baffa, ka faɗa, duniya za ta ji." Sai ya zauna gaban kyamara ya faɗi abin da ko mu 'ya'yansa ba mu taɓa ji gaba ɗaya ba. Asalin garinsu yana tsallaken iyaka. Yana ɗan shekara bakwai dogaran kwamandan, wato Baturen mulkin Faransa, suka zo ɗibar maza aikin tilas, gero ya nuna ba a girbe ba. Suka tafi da ubansa, wato kakana, yin hanyar mota. Ya kamu da ciwon ciki, ya kasa ɗaukar kwandon dutse, aka yi ta dukansa har rai ya yi halinsa. Ba a bar kowa ya sallace shi ba. Aka tura shi a ramin da aka ɗebi ƙasa, aka ci gaba da aiki a kai. Uwarsu ta kwashe su ta tsallako nan, ba ta sake komawa ba har ta rasu. Da Farfesa ya tambaye shi yadda yake ganin hanyar yanzu, Baffa ya ce, "Hanya kam ta yi kyau, ni kaina na sha kora shanu a kanta. Amma ubana yana ƙarƙashinta."

A ranar nan Farfesa ya share hawaye, na gani da idona. Bayan wata takwas ya aiko mini da takardar gayyata, in zo in fassara maganganun fim ɗin, shi kuma zai sama mini gurbin ƙarin karatu a jami'ar da yake da faɗa a ji. Shekara goma sha ɗaya ina neman irin wannan dama.

Ɗakin da suka ba ni yana hawa na shida, can ƙarƙashin rufi, babu na'urar hawa. In na miƙe tsaye sosai kaina sai ya bugi silin. Banɗaki ɗaya ne da mutum biyar, kuma ba wanda ke amsa sallama. Na gaida wani tsoho a matakala kwana huɗu a jere, a na biyar ya tsaya ya tambaye ni ko wani abu nake sayarwa. Burodi da shayi na yi ta ci, don ban san naman da zan saya ba. Alƙibla kuwa da waya na nemo ta, ta faɗa daidai kusurwar da rufin ya fi sauka, sai da na riƙa yin tsayuwar sallah a ranƙwafe kamar mai ciwon baya.

Sai a kwana na shida na ga Farfesa. Ya rungume ni a gaban ma'aikatansa yana cewa, "Ga ɗan'uwana na Daura!" Ya ja ni muka fita cin abinci, a nan na ga ko wane ne shi a ƙasarsu. Ba mu yi taku hamsin ba sai an tsayar da shi. Tsofaffin mata suna cewa ba sa kuskure shirinsa na Lahadi, matasa suna ɗaukar hoto da shi. Shi ne mai bayyana wa mutanen ƙasar tarihinsu a talabijin shekara da shekaru, shi ake kira idan za a yi fim na zamanin da, ya duba ko an yi kuskure. A Daura riga ɗaya ya yi ta sakawa, yana zama a tabarma yana cin tuwo da hannu. A nan har da mai shafa masa hoda. Ban ga laifin hakan ba a lokacin. Har wani alfahari na ji, na tura wa Balaraba hotonmu.

Aikina a wani ƙaramin ɗaki ne mai duhu, tare da Odil, matar da ke yanka hotunan fim tana haɗa su. Ba ta da fara'a, amma ita kaɗai ce ta tambaye ni lokutan sallah ta kuma riƙa tsayar da aiki da kanta in lokaci ya yi. Mako biyu na yi ina sauraro ina rubutawa, kalma bayan kalma. Maganar Baffa kaɗai ta ci mini kwana uku, don sai in kai tsakiya in kasa ci gaba. Na miƙa fassarar, aka ce na yi ƙoƙari.

Ranar wata Talata Odil ta kunna mini fim ɗin yadda aka haɗa shi, don in duba rubutun sunayen garuruwa. Ga Baffa ya fito, da farar hularsa, ga bishiyar darbejiyar ƙofar gidansa. Na ji muryarsa: "Hanya kam ta yi kyau, ni kaina na sha kora shanu a kanta." Sai aka ɗauke fuskarsa, aka nuna garken shanu suna tafiya a kan hanya rana tana faɗuwa. Wata muryar Bature mai daɗi ta hau kan tasa tana cewa da Faransanci: "Hanya ce mai kyau. Mahaifina yana cikin waɗanda suka gina ta." Kiɗan gurmi ya biyo baya. Shi ke nan. Babu dogarai, babu duka, babu rami.

Na ce, "Mayar baya." Ta mayar. Na ce, "Wa ya rubuta wannan?"

Ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Farfesa ne yake gyara rubutun ƙarshe."

"Kin karanta abin da na fassara?"

"Na karanta."

"To?"

Ta ce, "Isuhu, ni aikina in yanka inda aka ce in yanka."

Ga abin da nake jin kunyar faɗa: ban ce komai ba. Kwana tara na yi shiru. Takardar jami'a tana kan teburin Farfesa, saura sa hannunsa. Na riƙa gaya wa kaina cewa wata ila haɗin farko ne, za a gyara. Na ce Baffa ba ya kallon talabijin ɗin Faransa, ba zai taɓa sani ba. Na ce in na samu karatun, ni da kaina zan rubuta gaskiyar nan gaba. Duk ƙarya ce, kuma na sani.

Wadda ta fasa ƙwan mai sharar ofishin ce. Takan zo da sassafe kafin sauran ma'aikata, ni kuma na zo da wuri ranar don na kasa zama a ɗakina. Ina ta maimaita wurin nan a kwamfuta, sai na ji an ce a bayana, da Hausa tsantsa, "Kai, wannan tsohon ba haka ya ce ba."

Na juya. Dattijuwa ce, ta kai sittin, da tsintsiyar goge ƙasa a hannu da zanen fuska irin na Damagaram. Tun da na sauka ban ji Hausa daga bakin mutum a gabana ba. Na ce, "Inna, ke Bahaushiya ce?"

Ta ce, "A'a, Baturiya ce, rana ce ta ƙona ni. Sunana Rakiya. Na ji ka jiya kana sauraren maganar tasa cikakkiya, na tsaya a bakin ƙofa har na manta da aikina. Wane ne shi?"

"Baffana ne."

Ta ajiye tsintsiyar. "Baffanka? Uwa ɗaya uba ɗaya da mahaifinka? To wanda ke ƙarƙashin hanyar nan kakanka ne ke nan. Kuma kana zaune kana kallo."

Na fara yi mata bayanin jami'a. Ta ɗaga hannu. "Ɗana, ni ban yi boko ba. Amma kakata ta wajen uwa, mijinta haka aka tafi da shi, ko takalminsa bai dawo ba. Shekara talatin ina share ofisoshin mutanen nan, ban taɓa jin wani ya faɗi haka a cikin injinsu ba sai wannan tsoho. Shi ne za ka bari a yanke masa harshe?" Ta ɗauki tsintsiyarta, ta kai ƙofa, ta juyo. "Ka rame. Me kake ci?"

Washegari ta zo mini da tuwon masara da miyar kuka a kwanon roba, da yaji a ƙulle a leda. A bayan ƙofa na ci shi a tsaye, hawaye na zuba a ciki, ban kuma ji kunya ba.

Na nemi ganin Farfesa, aka ce ya tafi kudu, inda ake ɗaukar wani babban fim na zamanin mulkin mallaka, shi ne mai ba da shawara kan tarihi. Sai ga saƙonsa, in biyo shi, akwai ɗan taimakon da zan yi musu. Na shiga jirgin ƙasa na awa huɗu, ina ta tsara abin da zan faɗa.

A wani tsohon ramin fasa dutse suke aikin. Sun zuba yashi, sun kafa bukkoki irin waɗanda ban taɓa gani a ƙasar Hausa ba. Baƙaƙen fata kusan arba'in suna tsaye cikin sanyi, an tuɓe musu riguna an ɗaura musu tsumma, kowa da kwando a ka. Na gaisa da wasu, 'yan Mali ne da Gine da Senegal, masu neman na abinci. Farfesa yana can tsakiya yana faɗa da mai ɗinkin kaya. Wai maɓallan rigar kwamandan guda shida ne, alhali a wancan zamanin biyar ake sawa. Ya sa aka tsayar da aiki gaba ɗaya, mutanen nan suna rawar sanyi, har sai da aka cire maɓalli ɗaya. Daraktan fim ɗin ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Shi ya sa muke kiran ka, ba ka barin kuskure ya wuce."

Na tsaya ina kallon maɓallin da aka cire.

Taimakon da ake so kuwa shi ne in koya wa masu kwandunan wata waƙar aiki da Hausa, mai daɗi, su riƙa rerawa suna tafiya. Na ce ban san ta ba. Na ce wa Farfesa ina son magana da shi, yanzu. Muka koma bayan wata mota.

Na ce, "Farfesa, ka cire rabin maganar Baffa."

Ya yi ajiyar zuciya kamar likitan da aka tambaya abin da ya sha amsawa. "Isuhu, minti hamsin da biyu gare ni. Ƙarfe tara na Lahadi ake nuna shi, iyali suna zaune. Masu tashar talabijin sun gaji da fina-finan neman gafara, sun ce suna son labarin mutane, ba kotu ba."

"Da ka cire shi gaba ɗaya, da ban ce komai ba. Amma ka bar fuskarsa, ka sa masa maganar da bai yi ba."

"Ban yi ƙarya ba. Mahaifinsa ya yi aikin hanyar ko bai yi ba?"

"Kashe shi aka yi a kanta!"

"In ji yaro ɗan shekara bakwai, bayan shekara fiye da saba'in. Na duba takardun wancan yanki, babu sunansa, babu rahoton mutuwa. Ni masanin tarihi ne, ba na faɗin abin da ba ni da takardarsa."

Na ce, "Wanda ya kashe shi kake so ya rubuta maka takarda? To maganar da ka sa masa a baki, ina takardarta?"

Fuskarsa ta yi ja. Ya ce shi ba za a koya masa zancen aikin tilas ba, tun kafin a haife ni ya rubuta littafi guda a kai, har ya rasa abokai saboda shi. Gaskiya ne, na karanta littafin a ɗakina, littafi ne na mutum mai zuciya. Shi ne ma abin da ya fi ƙona mini rai. Da jahili ne da na yi masa uzuri. Ya san komai, ya zaɓi kiɗan gurmi.

Ya sassauta murya. "Kai mai basira ne, Isuhu. Takardarka tana kan teburina. Kada ka ɓata gabanka saboda daƙiƙa goma na fim."

Na ce, "Ka yi kuka a ƙofar gidansa."

Ya ce, "Na yi. Kuma da gaske na yi." Ya duba agogo, ya koma wurin maɓallansa.

Ba wanda ya mayar da ni tasha. Na taka kusan awa biyu a gefen titi da takalmin da bai dace da sanyin ba, har wani manomi mai tsohuwar mota cike da akwatunan tuffa ya tsaya ya ɗauke ni. Bai tambaye ni komai ba. Da zan sauka ya cusa mini tuffa uku a aljihu ya ce jirgin ba ya da abinci mai kyau.

Bayan mako biyu aka yi bikin nuna fim ɗin ga 'yan jarida da manyan baƙi, da yammacin wata Asabar. Sakatariyar Farfesa ta kira ni ta ce yana so in sa "kayan gargajiya". Na sa babbar rigata, ba don shi ba. Inna Rakiya ta zo da mijinta, Malam Habu, direban tasi ne, suka zauna can baya. Aka nuna fim. Ba zan ɓoye ba, ya yi kyau a ido. Kasuwar Mai'aduwa ta fito kamar a mafarki. Da aka zo kan Baffa, wata mata kusa da ni ta dafe ƙirji ta ce, "Kai, dubi mutunci!" A jerin sunaye na ƙarshe sunana ya wuce a tsakanin direba da mai dafa abinci, an kuma rubuta shi ba daidai ba.

Aka kunna fitilu, Farfesa ya hau dandamali, ya nuna ni ya ce in miƙe a gan ni. Na miƙe, ban kuma zauna ba. Na ce a ba ni abin magana. Aka miƙo mini. Na ce tsohon nan yayan ubana ne. Na faɗi abin da ya ce da Hausa, na fassara shi, duka, har da ramin. Na ce maganar da suka ji a bakinsa, Farfesa ne ya rubuta ta. Daga can bayan ɗakin na ji Inna Rakiya ta ɗaga murya ta ce, "Gaskiya ne! Na ji da kunnena!"

Ɗakin ya yi tsit. Na ɗauka na gama da shi. Ban san sana'arsa ba. Ya sauko daga dandamali a hankali, ya zo ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya juya ga jama'a. Ya ce, "Kun gani? Wannan shi ne abin da nake faɗa shekara talatin. Tarihi ciwo ne da bai warke ba. Tunanin iyali da takardun hukuma ba kullum suke haɗuwa ba, kuma na gode wa abokina da ya tuna mana." Sai tafi ya ɓarke. Suka tafa masa, suka tafa mini, suka tafa wa kansu. Wani ɗan jarida ya ce in tsaya kusa da shi a ɗauke mu hoto. Na fizge hannuna na fita. A rayuwata ba a taɓa wulaƙanta ni kamar yadda tafin nan ya yi ba. Da zagina suka yi da na fi samun sauƙi.

Litinin sakatariya ta aiko da saƙo mai ladabi. Jami'a ta cika bana. Ɗakin da nake kwana kuma ana buƙatarsa ranar Laraba. Malam Habu ya zo da tasinsa ya sauko mini da jaka daga hawa na shida yana haki yana tsine wa wanda ya gina gidan. Kwana biyar na yi a falonsu kafin ranar jirgina. Ya ce in ina so in zauna, akwai hanyoyi, mutane da yawa sun zauna ba takarda. Inna Rakiya ta ce, "Zauna ya yi me? Ya share ofis kamar ni? Yana da aji yana da iyali. Tafi gida, ɗana."

Ana gobe zan tashi Odil ta kira ni, muka haɗu a bakin wata tashar jirgin ƙasa. Ta miƙo mini ɗan memori a cikin ambulan. Ta ce, "Hirar baffanka ce, awa huɗu, ba a yanke komai ba. Ban ba ka ba, ba ka gan ni ba." Na ce me ya sa ba ta yi magana a zauren ba. Ta ce, "'Ya'ya biyu gare ni, kuma shi kaɗai ke ba ni aiki." Na so in ji haushinta, sai na tuna kwana tarana. Fim ɗin kuwa an nuna shi ranar Lahadin da aka tsara, yadda yake, ba a canza ko harafi ba.

Na yi mako guda a Daura ban je Mai'aduwa ba. Abokan aiki suna ta tsokanata da "Dakta", ina murmushin yaƙe. Balaraba ce ta ce, "Malam, gudun nan ba zai kai ka ko'ina ba. Ka je ka gaya masa kafin wani ɗan Nijar mai dish ya riga ka." Na hau babur na tafi.

Na tarar da Baffa a ƙofar gida yana gyaran igiya. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi sanyin ƙasar. Sannan ya ce, "To, duniya ta ji?"

Na durƙusa na gaya masa komai. Ban ɓoye kwana taran ba. Ya ci gaba da murza igiyarsa har na gama, sannan ya ce:

"Ya ce ubana yana cikin waɗanda suka gina ta."

"Haka ya ce, Baffa."

"Da bakina."

"Da bakinka."

Ya ajiye igiyar. "Ni ban san Nasaran nan ba, Isuhu. Kai na sani. Kai ka ce in faɗa. Shekara saba'in ina riƙe da maganar nan, ko uwar 'ya'yana ban ba ta duka ba." Ya ce, "Kwana tara ka yi. To, ka dai yi magana a na goma. Tashi daga ƙasa. Kana da lambarsa?"

Na ce ina da ita, amma ba lallai ya ɗauka ba. Ya ce in kira. Na kira, ga mamakina ya ɗauka, da fara'arsa, kamar ba abin da ya faru. Na ce Baffa Ilu ne ke son magana da shi. Na buɗe muryar wayar. Farfesa ya fara jero 'yar Hausar da ya koya, "Sannu Baba, ina gajiya, ina iyali."

Baffa bai amsa gaisuwar ba. Ya ce da ni, "Ka juya masa yadda na faɗa. In ka rage ko ka ƙara, kai da Allah."

Ya matso da bakinsa kusa da wayar. "Ka ce masa, ranar da ya zo gidana na yanka masa zakara, na ba shi nonon saniyata. Wannan na yafe, baƙo ne. Ka ce masa wanda ya daki ubana ban san sunansa ba, na daɗe da barinsa da Allah. Amma shi na san sunansa, na san fuskarsa, ya zauna a tabarmata. Ka ce ni Ilu ɗan Garba na kusa tafiya, shi ma na ga furfurarsa, ba zai daɗe a bayana ba. Akwai inda za a tsayar da mu ni da shi da ubana, kuma can ba a buƙatar tafinta. Ban yafe ba. Faɗa masa."

Na faɗa masa. Kalma bayan kalma, da mafi kyawun Faransancin da na taɓa yi. Na gama, layin ya yi shiru, ina jin numfashinsa. Na jira ya yi abin da ya saba, ya juya maganar ta zama ado. Bai samu abin juyawa ba. Ya fara cewa, "Isuhu, ka gaya masa cewa ni..." sai ya tsaya.

Baffa ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Bai ce komai ba tukuna."

Ya ɗauki igiyarsa. "Kashe. Ba amsa nake nema ba."